Ɗora wa injin babur kompresa a motar haɗi: lissafin Ingila da iskar Damagaram

Akwai wata ƴar mota da samarin Damagaram kan miƙa wa juna bidiyonta a waya idan an zauna fada ana jiran shayi ya nuna. Kujera biyu gare ta, ba rufi, ba ƙofa, tayoyin gaba a waje, kuma da direba ya taka totur sai ka ji kukan babur. Injin babur ɗin ne kuwa a ciki. Wasu an ƙara musu kompresa, wadda masu harkar ke kira sufacaja, shi ya sa ake jin wani siririn fito yana bin kukan injin. Gardamar da kan biyo baya ita ce ko kanikawanmu za su iya haɗa irinta. Ni ina ganin za su iya, domin walda da yankan ƙarfe da zuba inji ba baƙon aiki ba ne a garejojin garin nan. Abin da nake jin tsoro shi ne a kwafo lissafin da aka yi don sanyin Ingila da man Ingila, a aza shi a kan iskar watan Mayu ta Damagaram. Injin ba zai daɗe ba.

Asalin siffar motar daga Ingila ne. A 1957 Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya fito da Lotus Seven, aka riƙa sayar da ita a warwatse mutum ya haɗa a gidansa, saboda a lokacin wadda aka saya haka ba ta biyan harajin da ake ɗora wa sabuwar mota. A 1973 Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, daga baya irin su Westfield suka shigo da nasu samfurin. Da manyan baburan Japan suka bunƙasa, Honda Fireblade a 1992, Yamaha R1 a 1998, Suzuki Hayabusa a 1999, sai masu haɗa motocin suka lura da wata garaɓasa. Injin Hayabusa mai cc 1,299 yana ba da ƙarfin doki kusan 175, ga giya 6 a jikinsa, kuma duka da giyar bai kai kilo 100 ba, alhali injin mota da akwatin giyarsa sukan haura kilo 150. Westfield har suna ya raɗa wa tasa mai wannan inji, Megabusa. Motar da aka haɗa haka takan tsaya ƙasa da kilo 500.

To, mai wannan me kuma yake nema? Ƙarfin murɗawa. Injin babur da yawan juyi yake samun dokinsa, sai ya haura juyi 7,000 a minti yake buɗe ƙirji, ya tafi har wajen 11,000. A ƙasa da haka ba shi da kuzari sosai. Ƙarfin murɗawar Hayabusa ta farko bai wuce na ƙaramar motar gida ba. A kan babur mai kilo 250 ba a jin wannan rashi. A cikin mota, da direba da fasinja da tanki cike, nauyin ya ninka fiye da sau biyu, sai direba ya wuni yana sauya giya.

Kowane inji gwargwadon iskar da ya shaƙa yake ƙona mai. Kilo 1 na isansi yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai, don haka ko ka tuttula mai, idan iskar ba ta ƙaru ba hayaƙi kawai za ka samu. Injin da ba a taimaka masa ba yana jiran nauyin iskar sararin sama ya cika masa silinda, kimanin bar 1 a bakin teku (bar ma'aunin matsin iska ne). Kompresa aikin zugazugin maƙeri take yi: tana cusa iska da ƙarfi, wutar ta ƙara ci. Idan ta ƙara rabin bar a kan wancan ɗayan, a takarda iskar ta ƙaru da rabi, dokin ma haka. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar Marsandi C180 ko C200 da aka rubuta Kompressor a bayanta ya ga motar da ke aiki da wannan dabara. Bambancinta da turbo shi ne hayaƙin salansa ke juya turbo, ita kuwa bel ne ke juya ta daga karanshaf, babbar sandar da fistan ke juyawa a cikin inji, wato injin ne ke biyan kuɗin aikinta daga aljihunsa. A irin injin da muke magana, doki kimanin 15 ke tafiya wajen juya ta.

Yanzu mu zo gida. Damagaram tana sama da mita 450 daga matakin teku, wanda ya rage nauyin iska da kusan kashi 5 cikin 100. A Afrilu da Mayu digiri 42 da rana tsaka ba abin ba da labari ba ne, kuma iska mai zafi a buɗe take, ba ta da nauyi. Idan ka haɗa biyun ka kwatanta da iskar bakin teku mai digiri 20, silindar da ta cika a nan ta rasa kusan kashi 12 cikin 100 na abin da za ta ƙona mai da shi. Doki 175 na takarda ya dawo wajen 155 tun ba a taɓa komai ba. Ke nan wani kaso na abin da kompresa za ta ba ka a nan biyan bashi ne, mayar da abin da zafi da tudu suka ƙwace. Wannan hujja ce mai kyau ta saka ta. Amma zafin nan da ya sa ake sonta, shi ne kuma babban abokin gabarta.

Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi, mai faci ma ya san haka daga bututun kompresarsa. Idan aka ɗauki iska mai digiri 42 aka matsa ta da rabin bar a kompresa mai kyau, wadda kashi 70 cikin 100 na aikinta ke tafiya ga matsi, za ta fito da digiri kusan 97. Wannan kompresar a ranar digiri 20 za ta ba da wajen 72. Shi ya sa ake saka lagireton iska tsakanin kompresa da inji, iskar hanya ta ratsa shi ta kwashe zafin. Sai dai lagireton ba ya iya sanyaya abu ya fi iskar da ke bugunsa sanyi. Mai kyau zai sauko da 97 zuwa wajen 58 a nan, can kuwa 72 za ta koma 36. Mutumin Ingila da ya ce ya yi shekaru da rabin bar ba lagireton iska bai yi ƙarya ba. Iskar da injinsa ke shaƙa ba lagireto ba ta wuce tamu mai lagireto da wani abin a zo a gani ba. A wurinmu barin lagireton iska ba tsimi ba ne, kuma idan ka bar shi ƙarin iskar da ka zata rabi ne ba zai kai sulusi ba. Da shi, bayan an cire abin da bel ya ci, mutum ya sa rai da doki wajen 200 a tsakar ranar bazara. A mota mai kilo 500 wannan ya isa ya tsorata duk wanda bai saba ba.

Wace iri za a saka? Nan ne aljihu da hankali kan yi jayayya. Wadda ke kusa da hannu ita ce ta Eaton da ke jikin waɗancan Marsandi, ana iya samunta wajen masu tsofaffin kayan mota a nan ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Irin Roots ce, sunan wasu ƴan'uwa biyu Amurkawa da suka yi mata rajista a 1860 don hura wutar narka ƙarfe. Sanduna biyu masu tudu da kwari ke juyawa cikin juna, kowane juyi su kwashi iska daidai gwargwado su tura. M45 tana tura kimanin lita 0.74 a juyi, M62 lita 1. Injin cc 1,299 kuwa rabin cikinsa yake shaƙa a kowane juyi, lita 0.65, don haka idan ana son rabin bar sai an tura masa kusan lita 1. M62 za ta yi wannan tana juyi ɗaya da karanshaf. M45 sai an tuƙa ta ta haura juyi 14,000, inda ta fi dafa iska a kan matsa ta. Ko M62 ɗin ma, irin Roots sun fi zafafa iska, abin da ya fito da 97 a wancan lissafin zai iya haura 110 a nan. Kuma tana ba da matsinta tun daga ƙaramin juyi. Direba zai ji daɗin haka, shi ne ma abin da ya rasa tun farko, amma ƙaramin juyi da babban matsi shi ne daidai wurin da injin babur ya fi saurin lalacewa, shi ne kuma wurin da kuloci da giya ke shan duka. Araha ba ta ado.

Ɗaya irin ita ce mai farfela, wadda ta yi kama da rabin turbo da aka ɗaura wa bel. Kamfanin Rotrex na Denmak ya yi suna a kanta, kuma ita ce aka fi gani a kan injinan babur. Matsinta yana tashi ne da juyi, kusan ninkin-ba-ninkin: idan ta ba da bar 0.6 a juyi 10,000, a 5,000 wajen 0.15 kawai za ta ba da. Wasu na ganin wannan aibu ne, tunda ba ta cike ramin ƙasa sosai. A ganina ga injin babur a ƙasa mai zafi wannan shi ne alherinta. Tana ƙara ƙarfi a hankali, a inda injin ya saba aiki, ba ta fizgar giya, kuma ta fi Roots sanyin iska. Kawasaki ma da suka tashi fitar da babur mai kompresa daga masana'anta, Ninja H2 a 2015, mai farfela suka zaɓa. Turbo ya fi su duka ba da doki, amma a cikin ƙunƙuntar hancin wannan mota, dab da ƙafafun direba, tukunyar wuta ce, kuma ƙarfinsa kan zo gaba ɗaya a tsakiyar kwana. Ban ga dalilinsa a nan ba.

Wahalar farko ta aikin hannu ita ce injin babur ba shi da puli a waje. Injin mota yana da bakin karanshaf a fili inda bel ɗin dainamo ke hawa. Na babur a rufe yake ruf, komai na cikin mai. Dole a huda murfin gefe, a ƙera sanda da za ta zarce daga bakin karanshaf ta fito waje, a sa mata robar tare mai, a kuma sa mata boris nata na kanta, wato zoben da sanda ke juyawa a cikinsa, a jikin sabon murfi mai kauri. Wannan boris ɗin shi ne mutane kan raina. Bel yana jan sandar gefe guda da ƙarfi, kuma bakin karanshaf ɗin babur ba a yi shi don ɗaukar wannan jan ba. Idan mai injin yankan ƙarfe ya kuskure tsakiya ko da kaurin gashi ne, a juyi 10,000 robar za ta fara zubar da mai, daga nan sai abin da ya fi haka. Wannan aiki ne na ma'auni, ba na ido ba. Wanda zai yi shi a ba shi lokaci, a biya shi da kyau.

Girman puli ma lissafi ne. Rotrex C30-94 tana da giya a cikinta da ke ninka juyi sau 9.49, kuma iyakar farfelarta juyi 100,000 ne a minti. Idan pulin karanshaf da na kompresa girmansu ɗaya, injin na juyi 10,500, farfelar tana 99,645, dab da iyaka. Wanda ya ji daɗin motar ya ce bari ya rage pulin kompresa da kashi 10 cikin 100 don ƙarin matsi ya tura ta ta haura 110,000. Kompresar kuma tana da nata mai na musamman, da ɗan tankinta da ɗan lagiretonta, man inji ko na giya ba ya maye gurbinsa. Wannan man daga waje zai zo, kuma tun da hanyar Kwatano ta rikice a 2023 kowa ya san yadda jiran kaya yake. A sayo shi da rara tun farko, tare da bel biyu ko uku.

Abin da ke kashe injin mai kompresa yana da sauti, kas-kas-kas siriri daga cikin silinda, amma a motar da ba rufi, ga kukan salansa, ga hular kwano a kai, ba mai jin sa. A ƙa'ida buji ne ke kunna wuta, ta bazu a hankali ta tura fistan. Idan zafi da matsi suka yi yawa, sauran man da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, ya daki kan fistan. Daƙiƙu kaɗan na wannan a cikakken totur sun isa su karya gefen fistan inda ringi ke zama, ko su ƙone gasket. Injinan babur kuwa tun daga masana'anta a matse suke. Hayabusa ta farko tana matsa kashi 11 ya koma 1, ta 2008 mai cc 1,340 kuma 12.5. A dubi abin da Kawasaki suka yi wa H2: 8.5 suka sauko da shi, su da ke da masu ƙera injin jirgin sama a cikin gidansu. Hanyoyin saukar da matsin biyu ne. Ko a saka faranti a ƙarƙashin gangar silinda ya ɗaga ta kaɗan, wanda ke gusar da lokacin buɗe bawul sai an sake daidaita shi, ko a sayi fistan na musamman masu kwari a kai. Na biyun ya fi tsada, ya kuma fi. A Turai akwai masu barin inji yadda yake su tsaya a ƙaramin matsin kompresa. A nan ba zan ba kowa wannan shawarar ba. A sauko da matsin silinda wajen 9.

Dalili na biyu shi ne mai. Kayan kompresar da ake sayarwa a Ingila galibi an daidaita su ne a kan isansi mai oktan 97 zuwa 99, wanda direba ke zaɓa a fanfo na dabam. Oktan shi ne juriyar mai ga waccan fashewar. Mu matatar SORAZ tana nan arewa da gari a hanyar Tanut tun 2011, abin alfahari ne, amma a tasha ba a tambayarka wane iri kake so, isansi ɗaya ne. Balle na kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke jerawa a bakin titi, wanda ya wuni a rana, wanda kuma mai sayarwar kansa bai san hannu nawa ya ratsa ba. Kabu-kabu mai cc 125 zai sha ya wuce. Injin mai kompresa kwalba ɗaya marar kyau ta ishe shi. Don haka a daidaita injin a kan man da ake samu kullum, a kuma bar masa sarari don ranar da man ya gaza. Wasu kan ƙara famfon da ke fesa ruwa da metanol a cikin iska, yana sanyaya ta, yana hana fashewa, kuma yana aiki. Sharaɗin shi ne kada a gina lissafin injin a kansa, domin ranar da tankin ya ƙare ko bakin feshin ya toshe, ba abin da zai faɗa wa direba sai hayaƙi.

Ƙarin iska na son ƙarin mai, har ma fiye da ƙa'ida. A ƙarƙashin matsi ana saukowa daga 14.7 zuwa wajen 11.5 ko 12, rarar man tana sanyaya silinda. A cikakken totur injin zai sha fiye da lita 1 a minti. Injektocin asali da famfon asali ba za su kai ba, sai an sa manya, da abin daidaita matsin mai wanda ke tashi tare da matsin iska, in ba haka ba iskar da ke cikin bututu za ta riƙa danne man da injekta ke ƙoƙarin fesawa. Kwamfutar injin kuma ba ta san an yi mata baƙuwa ba. An tsara ta ne don injin da ke zuƙa, ba wanda ake turawa ba. Ko a sake rubuta lissafinta, ko a sa wata da ke gane matsi, ta ƙara mai ta kuma jinkirta wutar buji gwargwadon yadda matsi da zafin iska suka tashi. Jinkirta wutar ita ce ainihin garkuwa. Akwatunan da ke ƙara mai kawai ba su taɓa wuta ba sun yi rabin aiki. Nan ne gogaggen bakaniken da ya ƙware a karbireta, wanda ke gane inji da kunne, zai bukaci yaronsa mai kwamfuta, kuma ba abin kunya ba ne maigida ya ce, "Zo, ɗana, karanta mini abin da ta nuna."

Akwatin iska na roba da ya zo da babur ba zai riƙe matsi ba, sai an ƙera na alminiyam, an kuma ɗaure shi da ƙarfe a jikin inji don kada ya tsinke daga bakunan totur. Ana bukatar bawul da zai saki iska idan direba ya ɗaga ƙafa, saboda bel bai daina juya kompresa ba don an rufe totur. Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika sama da gari mai laushi, ga rairayin unguwanni duk shekara. Farfelar da ke juyi fiye da 1,600 a daƙiƙa, ta alminiyam ce, ƙura na cinye bakinta sannu a hankali, abin da ya wuce kuma ya tafi ga ringi. Ƴar matatar soso da ake gani a hotunan Turai ba ta wurinmu ba ce. A nemo babbar matatar takarda mai gida, irin ta Hilux ko Land Cruiser, a ba ta bakin shaƙa daga waje, sama da ƙasa, nesa da salansa.

Akwai wata matsala da ta girmi kompresa, kuma a wurina ita ce ta fi cancantar kuɗin farko. Babur idan zai sha kwana kwantawa yake, shi da mahayinsa da man da ke kaskon inji, don haka man na nan zaune a ƙasa inda famfo ke zuƙa. Mota ba ta kwantawa. A doguwar kwana man duka sai ya gudu gefe guda, bakin famfo ya zuƙi iska, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa ya yi gudu a bushe. Ga shi kuma a yawancin motocin nan ana juya injin ya kalli tsawon mota, ana kuma gajarta kaskon don kada ya daki ƙasa, man da yake ɗauka ya ragu. Injinan babur da yawa sun mutu a cikin mota ta wannan hanya ba tare da an taɓa saka musu kompresa ba. Da kompresa nauyin da ke kan metal ya ƙaru, zafi ya tsinka man, lokacin da injin zai jure rashin mai ya gajarce. Ƙaramin magani shi ne faranti masu shinge a cikin kasko da ɗan tulun da ke ajiye mai a matse ya sake shi idan matsi ya faɗi. Cikakken magani shi ne a fitar da man daga kasko gaba ɗaya zuwa dogon tanki na dabam, famfo na kwashewa yana mayarwa. A Hayabusa wannan famfon yakan zauna a gurbin famfon ruwa, sai a koma famfon ruwa na lantarki. Shi kuma ya haɗu da babban famfon mai da fankar lagireto su taru a kan dainamon babur, wanda ba a yi shi don wannan kaya ba. Kowane gyara yana jawo ɗan'uwansa, kuma gara a zana su duka a takarda kafin a kunna walda. Agogon matsin mai da babbar jar fitila a gaban direba ba ado ba ne.

Hancin motar ƙarami ne, ga masu neman iska huɗu: lagireton ruwa, na iska, na man inji, na man kompresa. Idan aka jera su a bayan juna na ƙarshe iskar murhu zai sha. A ba lagireton iska gaba, a toshe duk wata kafa da iska za ta zille ta gefe, a kuma huda wa zafin hanyar fita a murfin inji. Iskar da ba ta da mafita ba ta shiga.

Kuloci da giya ba sa bukatar dogon bayani. Kulocin babur a cikin mai yake, sai an sa masa sifirin masu ƙarfi, in ba haka ba zai fara zamewa a manyan giya. Haƙoran giya kuwa a babur tayar baya kan ɗan zame ta sauƙaƙa musu, a mota tayoyi biyu masu faɗi sun kama ƙasa, duk fizgar a kansu take ƙarewa. Rashin giyar baya ma kanikawanmu sun riga sun san maganinsa daga kekunan ɗaukar kaya masu taya uku, waɗanda injin babur ke ja ta ƙaramin akwatin ribas da doguwar sanda zuwa baya. Dabarar ɗaya ce, sai dai akwatin da aka yi wa doki 15 ba zai ɗauki 200 ba.

Ina za a tuƙa ta? Cikinta bai fi tsawon tafin hannu daga ƙasa ba, ke nan lungunan Birni da duwatsunsu da rairayin Zango sun fita daga lissafi. Kwalta kuwa, ko ta Mirya ko ta Takeita, hanya ce ta jama'a, da amalanke da awaki da yara da manyan motoci. Motar da ke da doki 200 a kilo 500 tana isa inda ido ya hango kafin ƙafa ta koma birki. Birki mai kyau, tayoyin da ba su tsufa a rana ba, ƙarfen kariya a bayan kai, ɗamara mai kafaɗa biyu da hular kwano, duk suna gaba da kompresa. A Ingila motar haɗi ba ta samun lamba sai ta ci wani gwaji da ake kira IVA, wanda aka fara a 2009. A nan ma maganar duwan da takardun mota da inshora a fara ta tun kafin a sayi ƙarfen farko.

Daidaita injin shi ne aikin ƙarshe, kuma a ƙa'ida a kan na'urar auna ƙarfi ake yin sa, wadda tayoyi ke juya gangunanta mota na tsaye. Wanda ba shi da ita kusa ba zai yi ba tare da na'urar auna iska da mai a salansa ba, da ma'aunin zafin iskar da ke shiga inji, da kwamfuta a hannun na kujerar gefe tana rubuta komai. A fara da motar ba bel ɗin kompresa, a tabbatar mai da ruwa sun zauna lafiya a zafi. Sannan a sa wa kompresa babban puli, matsi bar 0.3, wuta a jinkirce, mai a wadace, a riƙa hawa juyi kaɗan-kaɗan. Bayan kowane gwaji a kwance buji a duba: ɗigo-ɗigon toka mai ƙyalli a jikin farin ainun alminiyam ɗin fistan ne, a tsaya nan take. Kada a yi wannan aiki da asubahin Janairu, lokacin da garin ke digiri 15 kuma kowane inji ke jin kansa sabo. A yi shi da azahar a watan Mayu, da man tashar da aka saba sha, bayan motar ta tsaya minti goma a rana komai ya ɗauki zafi. Matsin da injin ya ɗauka a wannan sa'ar ba tare da buji ya nuna komai ba shi ne nasa, kuma ga injin da aka sauke matsinsa zuwa 9, mai lagireton iska, ni ba zan wuce rabin bar ba.